Dutsen Zinariya Ba Na Cikin Gida Ba Ne

A shekarar 2010 masifa ta auka wa waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, a ƙasar Zamfara. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka auna jinin yara, sai aka tarar gubar dalma ce. Mafarinta kuwa dutsen zinariya da ake kawowa gida, a daka shi a turmi, a niƙa a injin hatsi. Ƙura ta kwanta a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki.

Magani bai wadatar ba sai da aka gyara ƙasa, gama yaron da ya koma gida mai guba, ciwonsa zai dawo. Ma'aikata suka bi gida gida suna awon ƙasa da na'ura, suka kankare ta sama, suka binne a rami, suka zuba sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai 2013. A 2015 abin ya sake ɓulla a Rafi, Jihar Neja.

To, dalma ba ta ruɓewa kamar taki. Inda ta zauna, nan za ta daɗe. Ba wanda zai hana manomi neman kuɗi da rani, amma lalle a keɓe wurin niƙan dutse bayan gari, nesa da rijiya da fadama da masussuka. Injin dutse dabam, na hatsi dabam. Mai haƙa ya yi wanka, ya sake tufafi kafin ya shiga gida. Hakimai da dagatai su tsaya a kan wannan, don rigakafi ya fi magani.