Ra'ayinmu: Kada Darasin Waya Ya Bar Makafi Da Kurame A Baya

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, tun watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, darasi ya koma rediyo da talabijin da wayar hannu. An daɗe da buɗe makarantu, amma al'adar ta zauna. A yau, daga Zabi zuwa Samaru da Sabon Gari, da yawanmu kan tura wa iyaye hoton allo ko muryar karatu ta WhatsApp. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport a intanet. Mun yi maraba da wannan ci gaba. Sai dai wajibi ne mu tambayi kanmu: wa aka bari a ƙofa?

Darasin rediyo ya wuce kurma. Darasin bidiyo kuwa, inda malami ke nuna allo yana cewa "ku dubi nan", bai gaya wa makaho komai ba. Haka labarin yake ga tatsuniya. A dā, yaro makaho kan zauna gaban kakarsa ya ji labarin Gizo da Ƙoƙi daga farko har ƙarshe, domin baki ne ke ɗauke da shi duka. Yanzu da aka mayar da labarin zane mai motsi, an raba shi biyu: rabi a ido, rabi a kunne. Wanda ya rasa ɗaya ya rasa zaren labarin.

Wannan magana ce ta haƙƙi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya mai kula da irin waɗannan ɗalibai, ta kuma ce a sa rubutun Braille da yaren kurame cikin manhajar karatu. Tunda aji ya shiga waya, haƙƙin ma ya kamata ya bi shi can.

Akwai abin da kowane malami zai iya yi daga gobe, ba tare da kashe ko kwabo ba. Na ɗaya, mu faɗi abin da muke nunawa. Maimakon "ku dubi nan", mu ce "na rubuta 24 a sama, 6 a ƙasa". Na biyu, mu riƙa tura aikin gida a rubuce, domin manhajar TalkBack da ke wayoyin Android tana karanta wa makaho rubutu da murya, amma hoton allon da aka rubuta da alli yakan gagare ta. Na uku, duk muryar da muka naɗa, mu haɗa ta da taƙaitaccen rubutu saboda kurma. Na huɗu, in za mu ɗauki bidiyo, mu fuskanci haske, fuska da hannuwa su fito sarai. Mu kuma tuna cewa kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, Maganar Hannu, wanda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000. Mu nemi manyan kurame na unguwanninmu su koya mana.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kaduna da Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da su shirya mana bita kan wannan fanni, su kuma ɗauki tafintocin kurame aiki. Muna roƙon Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, maƙwabciyarmu, ta haɗa gwiwa da mu wajen shirya labaran Hausa masu bayanin murya da fassarar hannu.

Ku kuma iyaye, kada ku ɓoye yaron da ba ya gani ko ba ya ji. Ku kawo shi, ku sanar da malaminsa halin da yake ciki. A taron reshe mai zuwa, muna fata kowace makaranta ta zo da adadin irin waɗannan ɗalibai da ke rajistarta, domin da shi za mu je gaban hukuma.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.