Madogara Amana Ce

Duk ɗalibin da zai gabatar da ƙudurin bincike, a kimiyyar harshe ko a wani fannin, wajibi ne ya nuna inda magabata suka tsaya da kuma inda shi zai ɗora. Hanyar yin haka ita ce kawo madogara a cikin aiki da jera manazarta a ƙarshensa. Abin takaici, ɗalibanmu da dama sun ɗauki wannan sashe tamkar ado, suna ganin yawan sunaye shi ke nuna zurfin karatu. A ra'ayina, babu laifin da ya fi yi wa bincike illa irin ambaton littafin da mutum bai taɓa buɗewa ba.

Wata shekara na duba ƙudurorin ɗalibai uku, kowannensu ya rubuta cewa ƙamusun Bargery ya fito a 1943. Alhali kuwa a 1934 aka buga shi, sannan Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993. Da na bi diddigi, sai na tarar dukkansu daga wani tsohon kundi suka kwafo, wanda mai buga shi ya juya alƙaluman biyu. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa riƙe ƙamusun da hannunsa. Kuskuren ƙarami ne, amma ya isa ya sa mai dubawa ya yi shakkar duk abin da ke cikin aikin.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman Hadisi ba su karɓar ruwaya sai da isnadi, wato jerin waɗanda suka ji daga juna har zuwa tushe. Idan mai ruwaya ya ce ya ji daga wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba, to ruwayarsa ta raunana. Madogara ita ce isnadin mai bincike.

Wani zai ce littattafai sun yi ƙaranci a ɗakunan karatunmu, yaya ɗalibi zai yi? Wannan uzuri gaskiya ne, amma masana sun tanadi mafita. Idan ka sami maganar Bargery a cikin littafin wani, sai ka rubuta cewa Bargery ya faɗa kamar yadda wane ya kawo, sannan ka sanya littafin da ka karanta a manazarta. Yin haka ba ya rage darajar aikinka, domin gaskiya ka faɗa.

Dangane da tsari kuwa, wanda aka fi bi a fannin ilmi shi ne na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka, wato APA. A cikin aiki, ana kawo sunan ƙarshe na marubuci da shekara, misali Yahaya (1988) don nuni ga Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya. Idan an ɗauko maganarsa kai tsaye, sai a ƙara lambar shafi. A manazarta kuwa, ana jera sunaye bisa tsarin abacada, a bi kowane da shekara da sunan littafi da na maɗaba'a. Bugu na bakwai na wannan tsari, wanda ya fito a 2019, ya daina buƙatar sunan garin da aka buga littafi. Har wa yau, duk sunan da ya fito a cikin aiki dole a same shi a manazarta, kuma kada a jera wanda ba a ambata ba.

A yau lamarin ya ƙara tsananta, domin manhajoji irin su ChatGPT sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, alhali babu littafin a duniya. Wanda ya saba kwafe ba tare da dubawa ba, shi zai fara faɗawa wannan rami.

Ya kai malamin gobe, kai ne za ka riƙa hana yara satar amsa a ɗakin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka, tun daga ƙudurinka na farko, ka saba da rubuta cikakken bayanin littafi a ranar da ka buɗe shi. Manazarta goma da ka karanta sun fi arba'in da ka ara.