A Ware Wa Baƙo Zaure a Wi-Fi ɗin Gida

Duk wanda ya tashi a zango ya san ba a hana maƙwabci garwashin wuta ko ruwan sha. A yau abin da ake roƙa a Nima da Aboabo shi ne kalmar sirrin Wi-Fi, kuma maigida yana jin nauyin ya ce a'a. Ban ce a hana ba. Sai dai magabatanmu da suka gina gida sun ware wa baƙo zaure, ba su zarce da shi turaka ba.

Na'urar da ke raba intanet a gida, wadda yara ke kira rauta, galibi tana da irin wannan zaure. Hanya ce ta baƙi, sunanta daban, kalmar sirrinta daban. Wanda ya hau ta zai sami intanet, amma ba zai kai ga wayoyi da kwamfutar mutanen gida ba. Kunna ta aikin minti biyar ne, amma gidaje da yawa ba su san da ita ba, sai a miƙa kalmar gida ga yaro ɗaya, kafin Juma'a ta zagayo rabin layin ya haddace ta.

Ƙarewar data ita ce ƙaramar asara. Tun 2021 aka fara ɗaure kowane layi da Ghana Card, har da wanda ke cikin rauta. Idan wani ya yi damfara ta hanyarka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, kuma mu da ake saurin shafa wa unguwanninmu baƙin fenti mun san nauyin wannan.

Makullan na'urar biyu ne, mutane kuwa ɗaya suka sani. Na biyun shi ne na shiga saitinta, wanda a na'urori da dama yake fitowa daga kamfani da kalmar admin kawai. Wanda ya riƙe shi yana iya karkatar da mutanen gida zuwa shafin bogi ba su sani ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da jerin irin waɗannan kalmomi kusan 60 da masu na'urorin ba su taɓa canzawa ba.

A wajen tsaro a zaɓi WPA2, ko WPA3 da ta fito a 2018 idan na'urar tana da ita. WEP tsohon kwado ne da ake ɓallewa cikin mintuna. A kashe WPS kuma, domin tun 2011 aka gano cewa lambobinta takwas ba sa wuce gwaji 11,000.

Shawarata ga iyayen gida ita ce kada a bar wannan duka a hannun yaron da ya haɗa na'urar. A zauna tare da shi a canza makullan biyu, maigida ya rubuta su ya adana inda yake ajiye takardun gida. Kalmar zauren kuwa a riƙa sauya ta duk ranar da aka sayi sabuwar data.