Da Me Ya Kamata A Gina Akurki?

Yara, da wuya ku sami gida a Fakku wanda babu kaji a cikinsa. Kaza dukiya ce ta kusa. Ita ake sayarwa a sayi littafi ko magani, ita ake yanka wa baƙo. Amma sau da yawa mutum ya kan kula da abincinta, ya manta da ɗakin kwananta. To, da me ya kamata a yi bangon akurki? Ni a ganina ƙasa ta fi kome.

Yanzu mutane da yawa sun koma ga kwano. Suna cewa ba shi da wahala, a kafa itace huɗu, a buga ƙusa, an gama kafin azahar. Gaskiya ne. Amma ku tuna da zafin ƙasarmu ta Sakkwato. A watan Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a jikin ƙarfen da rana ta dafa tun hantsi. Kaza kuwa ba ta yin gumi kamar mu. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci, ta rage ƙwai. In abin ya tsananta sai ta mutu. Da hunturu kuma kwanon nan ya kan yi sanyi ƙalau da dare, 'yan tsaki su sha wuya. Wanda ya sa kajinsa a ɗakin kwano, bai ba su inuwa ba, bai ba su ɗumi ba.

Zana da kara suna da araha, iska kuma tana ratsa su. Sai dai gara tana cinsu, muzuru da tunku kuwa ba su ɗauke su bango ba. Bulo na siminti yana da ƙarfi, amma wa zai sayo siminti daga Tambuwal saboda kaji goma?

Ku dubi rumbun gidanku. Kakanninmu sun san abin da suka gani a jikin ƙasa da suka ba ta amanar hatsinsu. Bango mai kauri ya kan sha zafin rana sannu sannu, sa'an nan ya sake shi da dare. Saboda haka cikin ɗaki ya kan yi sanyi da rana, ya yi ɗumi da asuba. Kaza mai kwanci tana bukatar kwana 21 a kan ƙwanta, irin wannan wuri take so. Ga shi kuma ba a sayen ƙasa. Yaro mai ƙwazo ya iya kwaɓa ta da ciyawa, ya yi tubali, ya shanya, babansa ya taya shi ɗora gini.

Masu kwano za su ce, "Ai ƙasa tana tsagewa, ruwan damina kuma yana cin gindinta." Ba su yi ƙarya ba, kuma tsagewar nan ba ƙaramin abu ba ce. A cikinta kaska da ƙuma su ke ɓuya da rana, su fito da dare su sha jinin kaji. Amma maganin wannan a hannunmu ya ke. A yi ginin bisa tudu, a jera duwatsu a gindinsa. A yaɓe bangon sumul ciki da waje, a shafa masa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwan sama ya riƙa zamewa. A bar jinka ta sauko ta rufe kan bango. Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, a toshe duk inda ya tsage.

In akwai 'yan kuɗi, wayar raga za a saya. A buɗe taga biyu can sama, ɗaya kudu ɗaya arewa, a rufe su da ragar, iska ta shiga, maciji ya rasa hanya.