Inshorar Tafiya Ba Takardar Ado Ba Ce

Wani marubuci ya ce inshorar tafiya wayon cin kuɗi ne: ka biya, ka dawo lafiya lau, kuɗinka sun tafi. Shawararsa ga mai zuwa hutu Turai ita ce ya sayi mafi araha, ya miƙa wa ofishin jakadanci, ya manta da ita.

Ya san abin da ake nema kuwa? Bizar Shengen ba ta fita sai da inshorar da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, ta ɗauki jinyar gaggawa da mayar da mara lafiya ko gawa gida. Wannan adadin bai nuna masa tsadar gadon asibiti a can ba?

Mutum ya zame a ƙanƙara a Suwizalan, ƙugu ya karye, likita ya ce sai a kwance zai shiga jirgi. Wa zai biya? 'Yan uwa su sayar da fili?

Kuma a mai arahar tarkon yake. Da yawa daga cikin masu arahar ba sa biyan ciwon da ka taso da shi daga gida, irin su hawan jini. Mai ciwon sukari da ya bi shawarar nan ba tare da ya karanta sharuɗɗa ba, daga aljihunsa zai biya asibiti.