Linzamin Harshe: A Daina Yanka Yara Bisa Zato

Ya ku iyaye! Haƙiƙa wata ɓarna ta yaɗu a tsakaninmu. Da zarar yaro ya kai shekara biyu bai fara magana ba, sai tsofaffin gida su yanke hukunci cewa linzami gare shi, a kira wanzami ya sa aska. Wa ya duba shi? Da wane ilimi?

Linzami gaskiya ne, ba mu musanta ba. Siririyar fata ce a ƙarƙashin harshe, wadda kan gajarce har ta hana shi ɗagawa. Jaririn da ta hana kama nono, likita kan datse masa ita da almakashi cikin ɗan lokaci. Babban yaro kuwa, sau da yawa sai an sa shi barci an yi ɗinki. Amma linzami ba ya hana yaro fara magana, kuma ba shi ke kawo in'ina ba. Iyakar abin da ake tuhumarsa da shi, shi ne gurɓata furucin wasu haruffa kamar "l" da "r", wannan ma likitoci ba su haɗu a kansa ba.

To, yaron da ya yi shiru fa? Sau nawa kunnensa ne ba ya ji! Sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai duk suna kashe ji, kuma wanda bai ji magana ba, da me zai kwaikwaye ta? Sai a tsaga masa harshe, a zauna jiran magana, shekarun koyo suna wucewa. Ga jijiyoyin jini da hanyoyin yawu a wurin, ga askar da ta taɓa wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko tsinkau-tsinkau.

Kada masu farar riga su ɗauka sun kuɓuta. A asibitocin Amurka wannan aiki ya ninka kusan sau goma tsakanin 1997 da 2012, har ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta yi gargaɗi a 2024 cewa ana wuce gona da iri. Likitan da ya ambaci kuɗin tiyata kafin gwajin ji, me ya raba shi da wanzamin in ba tsada ba?

A fara kai yaro a auna jinsa, a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa, sannan mai gyaran furuci ya saurare shi. In sun tabbatar linzamin ne, a yanka a asibiti.