Dandalin Lissafi: Mu binciki 3,702,676

A wannan mako mun ɗauko lamba daga gida. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen Jihar Sakkwato 3,702,676 ne. Ku ɗalibanmu na Dandin Mahe, yawancinku ba a haife ku ba a lokacin, amma iyayenku suna ciki. To, me za mu iya sani game da lambar nan ba tare da doguwar rabawa ba?

Cika ce ko mara? Ta ƙare da 6, don haka cika ce. Wannan kaɗai ya fitar da ita daga jerin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su 7 da 23. Tana rabuwa da 4, domin 100 na rabuwa da 4, saboda haka alƙaluma biyu na ƙarshe kawai za mu duba, kuma 76 shi ne 4 sau 19. Da 8 kuwa ukun ƙarshe ake dubawa, 676 kuma ta bar ragowar 4. Da 3 fa? Mu tara alƙalumanta: 3+7+0+2+6+7+6 = 31. Tunda 31 ba ta rabuwa da 3, ita ma ba ta rabuwa. Dabarar na aiki ne don 10 da 100 da 1,000 kowacce tana barin ragowar 1 in an raba ta da 3.

Da 23, yawan ƙananan hukumomin jihar, dole a zauna a raba: kowacce 160,985, saura mutum 21.

Yanzu ga tarkon. Shin murabba'i ce, wato akwai lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba mu ita? Murabba'i yana ƙarewa ne da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9. Ta wuce. In ya ƙare da 6, na gabansa dole ya zama mara; a nan 7 ne. Ta sake wucewa. In aka yi ta tara alƙaluman murabba'i har ya saura guda, 1, 4, 7 ko 9 ake samu; 3+1 = 4. Har wutsiyarta, 676, ita ce 26 sau 26. Mai gaggawa a zauren WAEC ko NECO tuni ya zaɓi "e", ya yi asarar maki.

Amma 1,924 sau 1,924 shi ne 3,701,776, sannan 1,925 sau 1,925 shi ne 3,705,625. Lambarmu ta faɗa tsakani, ta zarce ta farko da 900 daidai, kuma babu cikakkiyar lamba tsakanin 1,924 da 1,925. Ba murabba'i ba ce. Gwaje-gwajen nan uku suna iya korar lamba, ba sa iya tabbatar da ita.

Aikin mako: ƙidayar ta ba Najeriya 140,431,790. Tana rabuwa da 3? Da 4 fa? Za ta iya zama murabba'i? Ku lura da yawan sifirin da ke ƙarshenta, ku aiko mana da amsa tare da dalili.